Fentin Roba Mai Ɗayewa: Riga Ce Ko Fata?

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani abu ne da ya faru a unguwarmu bara, bayan Sallar layya. Wani maƙwabcinmu, dattijo mai sayar da hatsi, ya daɗe yana tara kuɗi, Allah ya nufa ya sayi mota ta hannu. Baƙa ce ƙirin, amma ba ta sheƙi irin na sauran motoci, kuma in ka shafa ta sai ka ji laushi kamar bayan sabon silifa. Ranar da ya shigo da ita yara har layi suka yi wajen taɓawa. Ba a yi wata guda ba ya tsaya wajen ƴan ruwa-ruwa shan mai, yaron da ke ɗura masa ya kuskure bakin mazurari, fetur ya gangaro a jikin motar. Da aka sa tsumma aka goge, sai baƙin ya biyo tsumman yana danƙo kamar cingam, fari ya leƙo daga ƙasa.

Aka kai ta garejin da yayana yake koyon aiki. Maigidansa ya duba, ya sa farce a gefen ƙofa ya ja, sai ga baƙin nan yana tasowa falle guda kamar ana feɗe akuya. A ƙarƙashi akwai tsohon farin fenti da ya sha rana, can ƙasan ƙofofi kuma tsatsa ce da mastik da aka cusa aka rufe. Maigidan ya dubi dattijon ya ce, "Alhaji, ai ba fenti ka saya ba, riga ka saya."

Tun ranar maganar ta tsaya mini a rai. Na tambayi yayana, na tambayi maigidansa, na sa aka karanta mini rubutun jikin gwangwanin, har na gwada da hannuna. Abin da na tattaro ke nan nake so in kawo muku, don na ga abin ya fara shigowa garuruwanmu, kuma da yawanmu ba mu san shi ba.

Ma'anarsa

Fentin roba, ko robar feshi, roba ce ta masana'anta da aka narkar cikin wani ruwa mai saurin bin iska, aka zuba mata launi. Ruwan nan dangin fetur ne da tina, shi ya sa warinsu yake kama. Idan aka fesa a jikin mota, ruwan sai ya tashi ya bi iska, robar ta zauna ta haɗe da junanta ta zama falle ɗaya mai talewa. Wannan fallen ba ya shiga jikin fentin da ke ƙasa, kwanciya kawai yake yi a kansa ya kama shi. Ranar da mai motar ya gaji da launin, sai ya ɗaga gefe ya ja, ya fita, fentin asali ya dawo yadda aka bar shi.

Iri biyu ake sayar da shi. Akwai na ƙaramin gwangwani wanda ake girgizawa a danna kansa da yatsa, kamar maganin sauro. Akwai kuma na galan, wanda ake zubawa a bindigar feshi idan mota guda za a rufe. Yawancinsa idan ya bushe dishi-dishi yake fitowa, ba ƙyalli. Mai son ƙyalli sai ya sayi wani ruwa daban na kamfanin ya bi samansa da shi.

Asalinsa

Abin mamaki, ba don mota aka ƙirƙiro shi ba. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Plasti Dip, na wani kamfani da ke jihar Minesota a Amurka, wanda ya fara aiki a shekarar 1972. Da farko don hannun kayan aiki aka yi shi. Makaniki ko mai gyaran lantarki zai tsoma hannun filaya ko na sifana a cikin gwangwanin, ya ciro ya rataye, idan ya bushe sai ya zama yana da riƙo mai laushi wanda ba ya santsi. Sunan ma daga nan ya samo asali, don rabinsa na biyu tsomawa yake nufi a harshensu.

Daga baya aka yi na feshi. Bayan shekarar 2010 samarin Amurka masu son kwalliyar mota suka fara fesa shi a ƙarfen taya da tambarin mota, suna ɗaukar bidiyo suna sakawa a YouTube. Daga taya aka koma murfin inji, daga nan sai mota sukutum. Wani kamfani a jihar Filorida mai suna DipYourCar ya mayar da abin sana'a, yana haɗa galan-galan da injin feshi yana sayar wa mutane su yi a gida. Wasu kamfanoni su ma suka fito da nasu, kamar Foliatec a Jamus da Full Dip a Sifen.

Akwai dalilan da suka sa ya karɓu a can. Na farko, kuɗin hannun ma'aikaci a ƙasashen nan yana da tsada ƙwarai, fentin mota guda a gareji ba ƙaramin abu ba ne, to wanda zai iya yi da kansa a ƙofar gida ya huta. Na biyu, mutane da yawa a can hayar mota suke yi daga kamfani ta shekara biyu ko uku, kuma wajibi ne su mayar da ita da launin da suka karɓe ta. Na uku, lokacin sanyinsu ana watsa gishiri a kan hanya don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa yana cin ƙarfen taya, sai su rufe shi da roba kafin sanyi, su ɗaye bayan ya wuce. Ku riƙe waɗannan dalilai uku, za mu dawo kansu idan mun zo lissafin namu.

Bambancinsa da fenti na gaskiya

Nan ne gindin maganar, wanda ya gane wannan ya gane sauran.

Fentin da mota take fitowa da shi daga masana'anta hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa wanda yake kama ƙarfe ya tsare shi daga tsatsa, akwai mai launi a tsakiya, akwai kuma na sama, garai-garai kamar ruwa, wanda shi ne yake ba da sheƙi yake kuma tare rana. Dukansu a haɗe kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Amma ana gasa su a cikin tanderu, kuma a wajen gashin sinadaran da ke ciki suna sarƙewa da juna su zama wani abu sabo mai tauri. Ko a garejinmu na nan, fenti mai kyau sai an zuba masa maganin ƙarfi kafin a fesa, shi ne yake yin wannan aikin.

Bari in ba ku misali da abin da duk muka sani. Ku dubi tawadar da muke rubutu da ita a allo. Da ruwa aka jiƙa ƙaro aka haɗa ta. Idan ta bushe a allo, babu abin da ya canza a cikinta, ruwan ne kawai ya tafi. Shi ya sa ko bayan mako guda ka kawo ruwa, sai ta narke ta wanku. Yanzu ku dubi siminti. Shi ma da ruwa ake kwaɓa shi, amma idan ya kama ya kama ke nan, ko damina goma ta dake shi ba zai koma gari ba, don ya riga ya zama wani abu daban.

To fenti na gaskiya siminti ne, fentin roba kuwa tawada ce. Bushewa kawai yake yi, ba ya rikiɗa. Bambancin kawai shi ne ba ruwa ne ya narkar da shi tun farko ba, dangin fetur ne. Saboda haka ruwan sama ba ya yi masa komai, sabulu ba ya yi masa komai, amma fetur na taɓa shi sai ya koma yadda ya fito. Abin da ya faru da motar maƙwabcinmu ke nan.

Me ya sa yake ɗayewa falle guda? Saboda riƙon da robar take yi wa junanta ya fi riƙon da take yi wa fenti mai santsi ƙarfi. Idan ka ja, maimakon ta tsinke, sai ta gwammace ta saki motar. Amma fa da sharaɗi: sai tana da kauri. In ta yi siriri, riƙon motar sai ya rinjayi nata, ta riƙa yagewa guntu-guntu kamar ɓawon albasa.

Sharuɗɗan fesa shi

Na farko, tsafta. A wanke motar da sabulu sosai, a cire duk wani maiƙo da man goge mota, don roba ba ta kama wuri mai maiƙo. Sannan a bar ta ta bushe ƙarau. Ruwan da ya maƙale a bayan madubi ko cikin robar gilashi shi ne mugun, don iskar feshi tana koro shi ya gangaro a kan ɗanyen aiki ya ɓata shi. Abin da ba a yi a nan shi ne gurza jikin motar da samfefa kamar yadda masu fenti suke yi. Wanda ya gurza ya ɓata fentin da yake so ya adana, kuma robar za ta kama wurin ta ƙi fita.

Na biyu, rufe inda ba a so ya taɓa: gilashi, fitilu, lambar mota, birki. Da jarida ko leda da salatif ake yi.

Na uku, wuri da lokaci. A samu inuwa mai shan iska amma ba mai ƙura ba. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Jikin motar ya kasance da sanyi, ba wadda ta wuni a rana ba. A wajenmu lokacin da ya fi shi ne da sassafe. Idan aka fesa da tsakar rana a bazara, ɗigon yana bushewa tun yana cikin iska, ya sauka a matsayin gari, aikin ya fito da kaushi kamar harshen kyanwa. Ranar da iskar hunturu ta taso da buji kuwa, kada ma a fara, don duk ƙurar da ta sauka a kan ɗanyar roba ta zauna ke nan har abada.

Na huɗu, hannu. A girgiza gwangwanin minti guda cur bayan an fara jin ƙarar ɗan dutsen da ke ciki. A riƙe shi nesa da mota kamar taƙi ɗaya, wato wajen santimita 20. A tafi da hannu a miƙe daga gefe zuwa gefe, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Kada a tsaya wuri ɗaya, zai taru ya zubo kamar hawaye.

Na biyar, hawa da haƙuri. Hawan farko shafe-shafe ake yi, har ana hango launin ƙasa, don shi ne yake zama madogara. Sauran sai a riƙa cika su. Tsakanin kowane hawa da na bayansa a jira kamar minti 30. Masu aikin suna cewa kada a yi ƙasa da hawa biyar, shida ya fi. Bayan na ƙarshe, aƙalla awa 4 kafin a taɓa, kuma gara a bar ta kwana biyu ko uku kafin a kai ta wanki.

Akwai wata ƴar dabara a ƙarshe. Salatif ɗin da ya yi iyaka da aikin, tun hawan ƙarshe yana ɗanye ake cire shi. In aka bari ya bushe, robar ta riga ta haɗa salatif da mota ta zama falle ɗaya, kana jan salatif aikinka zai biyo shi.

Game da yawa, ƙarfen taya huɗu suna cin kamar gwangwani huɗu. Ƙaramar mota guda kuwa tana cin wajen galan 3 na Amurka, kusan lita 11, kuma da bindigar feshi ake yi. Wanda ya ce zai rufe mota guda da ƙananan gwangwanaye, yatsansa zai gaya masa, aikin kuma zai fito ratsi-ratsi.

Kuskuren da na yi da kaina

Wani mai mota ya bar ragowar gwangwani ɗaya a garejin, yayana ya ba ni ya ce in gwada a murfin tayar gaba na tsohon babur ɗinsa. Na wanke na shanya, na yi hawa biyu, na ga ya rufe ya yi baƙi ƙirin gwanin kyau. Sai na ce a raina, to me zai sa in ƙarar da gwangwanin, bari in rage saura don wani abu. Bayan mako biyu na zo nuna wa abokaina yadda ake ɗayewa. Na sa farce, sai ɗan guntu kamar ƙwayar gero ya fito. Na sake, haka. Wallahi tun bayan la'asar nake kankara har aka kira magariba ban ci rabi ba, abokaina kuwa dariya har da riƙe ciki.

Yayana ne ya cece ni. Ya karɓi ragowar da na ɓoye ya ƙara hawa uku a kai. Ruwan sabon ya jiƙa tsohon suka haɗe, washegari ya ja sau ɗaya ya fita kamar an tuɓe safa. Ya ce mini, "Ƙanena, rowa a wannan aikin ita ce asara." Ashe launi yana rufewa tun a hawa na biyu, amma ɗayewa sai a na biyar. Saboda haka idan wani ya yi maka aikin da araha ƙwarai, tambaye shi hawa nawa ya yi, don ido ba ya bambancewa, sai ranar cirewa.

Abubuwan da suke ɓata shi

Na farko fetur, mun riga mun faɗi dalili. Haka kalanzir, tina, da man goge mota mai ɗauke da danginsu. Wannan babbar mas'ala ce a wajenmu, don sau da yawa daga kwalba da mazurari ake zuba mana mai, kuma da wuya a gama ba a ɗiga ba. In ya ɗiga, kada a goge da tsumma. A kwarara ruwa a bar shi ya bushe da kansa, wataƙila ya tsira da ɗan tabo.

Na biyu rana. Kamfanin Plasti Dip ya ce robarsa tana jure zafi har digiri 93, saboda haka zafinmu na watan Afirilu da Mayu, ko da ya haura 40, ba zai narkar da ita ba. Amma jure zafi daban, jure rana ta shekaru daban. Hasken rana yana tsofar da roba, ku dubi bokitin da aka manta a tsakar gida yadda yake koɗewa ya riƙa karyewa. A ƙasashen da aka yi shi ana ba shi kamar shekara 3 idan an yi aikin da kyau. Motar da take kwana take wuni a filin Allah a Damagaram ko Agadas, bai kamata mai ita ya sa ran haka ba. Kuma idan ta tsufa ta bushe, talewarta tana raguwa, cirewa ya zama wahala. Gara a ɗaye tun tana da rai.

Na uku gurzuwa. Ƙananan tsakuwa da yashi tana tare su, wannan gaskiya ne, don laushinta yana shanye bugun. Amma ƙaya, ko ƙahon sa a kasuwar dabbobi, ko hannun amalanke, suna yaga ta. In ta yage ba a goge ta ta koma kamar fenti, sai dai a yi faci ko a ɗaye ɓangaren a sake. Wurin da hannu yake yawan taɓawa, kamar mariƙin ƙofa, nan take fara tashi. Ga kuma yara. Yaron da ya gano cewa motar babansa tana ɓarewa, to sai dai haƙuri.

Na huɗu ƙura. Fenti mai sheƙi ƙura tana zamewa a kansa, roba kuwa tana riƙe ta. Baƙar mota marar sheƙi a watan hunturu kullum ja take komawa. Da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi ake wanke ta, ba da buroshi mai tauri ba, kuma mai wanki da injin ruwa kada ya saita shi a gefen robar, zai ɗaga ta.

Abin da ba ya iya yi

Ba ya cike lotsawa. Duk ramin da ke jikin mota zai fito a samansa yadda yake. Ba ya kashe tsatsa. Idan aka rufe tsatsa da shi, tana nan tana cin ƙarfe a ɓoye, in ma ruwa ya samu ƙofa ya shiga ƙarƙashi, sai ya rasa hanyar fita, cin ya ƙaru. Ba a fesa shi a salansa ko jikin inji saboda zafinsu ya wuce ƙarfinsa, ba a kuma bari ya taɓa faifan birki, don wannan maganar rai ce.

Sannan alkawarin da ake yi cewa fentin ƙasa zai fito lafiya, wannan ga fenti mai lafiya ne. Yawancin motocinmu na hannu ne, an sauke su a Kwatano ko Lome bayan sun yi shekaru a Turai, da yawa kuma an sake musu fenti a hanya. Idan fentin ya riga ya fara ɓamɓarewa, robar za ta taso da shi ranar cirewa. Idan kuma sabo ne bai gama ƙarfi ba, ruwan robar zai iya cin sa. Saboda haka a fara gwadawa a ɗan wuri ɓoyayye, kamar cikin bakin ƙofa, a bar shi kwana biyu a ɗaye a gani.

Lissafin namu

Yanzu mu koma kan dalilan nan uku. Hayar mota ta shekaru ba al'adarmu ba ce. Gishirin ƙanƙara babu shi a hanyoyinmu. Saura maganar kuɗi, ita kuma a nan juyewa take yi. A can hannu ne mai tsada, kaya da araha. A nan mai fenti ɗan'uwanmu ne, kuɗin hannunsa da sauƙi, gwangwanin kuwa daga ƙetare yake zuwa, ya biya jirgi ya biya duwan kafin ya iso kanti. Ga shi kuma fenti mai kyau zai yi shekaru masu yawa, roba kuwa sai an sake. Wanda motarsa ta koɗe yake neman gyara mai ɗorewa, fenti ya fi masa, ko a aljihu ko a kwanciyar hankali.

To ina amfaninsa a wajenmu? Yana da shi. Mai sabuwar mota da yake yawan bin hanyar da ba kwalta zai iya rufe gaban motar da ƙasan ƙofofi, tsakuwa ta ci roba maimakon fenti, ranar sayarwa ya ɗaye. Mai son canza launin ƙarfen taya ko tambari zai iya yi da gwangwani kaɗan, in bai yi masa ba ya cire. Ƙungiya ko ɗan kasuwa da yake son launi na ɗan lokaci a motarsa shi ma ya samu. Kuma ga aikinsa na asali, hannun filaya da guduma, wanda har yau babu abin da ya fi shi dacewa da shi.

Akwai kuma wani abu mai kama da shi da ake ruɗa su, wato ledar da ake liƙa wa mota. Ita a falle take zuwa daga masana'anta da gam a bayanta, ana shimfiɗa ta ana bin ta da iska mai zafi. Ta fi robar feshi daɗewa da santsi, fetur kuma ba ya narkar da ita nan take, amma tana son gwani, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Wanda zai canza launin mota gaba ɗaya, ya fara zuwa wajen hukumar da ta ba shi takardun motar ya ji ƙa'ida. A Ingila, misali, launin mota a rubuce yake a takardarta, wanda ya canza wajibi ne ya sanar. Tambaya kafin aiki ta fi bayani a gaban jandarma a bakin hanya.

Lafiyar mai fesawa

Wannan ina roƙon ƴan'uwana masu zuwa gareji bayan darasi su saurara da kyau. Ruwan da ke cikin gwangwanin nan yana kama wuta kamar fetur, tururinsa ma haka. Kada a fesa kusa da mai walda, ko murhun mai shayi, ko mai shan taba. Kada a jefa gwangwanin a wuta ko da ya ƙare, kada kuma a bar shi cikin mota a rana, yana iya fashewa. Shaƙar tururin yana kawo jiri da ciwon kai, wanda ya daɗe yana shaƙa kuwa yana cutar da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ɗaure hanci da rawani ko takunkumin asibiti ƙura kawai yake tarewa, tururi wucewa yake yi. Akwai takunkumi na masu fenti mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ne na aikin. In babu shi, aƙalla a yi a fili, iska tana kaɗawa daga bayanka, kuma a kori yara daga wurin.

Tsakanin mai saye da mai sayarwa

Mu koma ga maƙwabcinmu. Robar ba ta yi masa laifi ba, wanda ya rufe aibi da ita ya yi shiru shi ne ya cuce shi. Duk mun karanta a babin ciniki cewa ɓoye aibin kaya algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan ya gano. Wanda ya fesa wa motarsa roba don kwalliya, babu komai, amma ranar sayarwa ya faɗa, in ma da hali ya ɗaye mai saye ya ga abin da yake saye da idonsa.

Mai saye kuma ga abin da zai duba. Ya shafa da hannu: fenti santsi da tauri gare shi kamar tangaran, roba kuwa tana riƙe yatsa. Ya danna farce a ɓoyayyen wuri, roba tana lotsawa. Ya buɗe ƙofofi da murfin inji da na bayan mota ya dubi cikin bakinsu, don da wuya a fesa can, tsohon launi yana nan. Ya dubi kewayen bakin tanki, in akwai tabon narkewa to ya gane. Ya kuma zo da ɗan maganaɗisu ya bi ƙasan ƙofofi da saman tayoyi: inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika mastik da kauri zai saki. Kuma kada a sayi mota da dare ko cikin gaggawa, a tafi da makaniki wanda aka yarda da shi.

Dattijon dai manyan unguwa sun shiga maganar, aka zauna da wanda ya sayar masa, aka rage masa wani abu daga kuɗin. Ya ɗaye sauran robar, aka yanke ruɓaɓɓen ƙarfen aka yi walda, aka yi mata farin fenti na gaskiya. Tana nan tana kai shi kasuwar ƙauye tana dawo da shi.

Wannan shi ne ɗan abin da na iya tattarowa. Inda na yi kuskure, malamaina da iyayena masu wannan sana'a su gyara mini, ɗalibi ne ni. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a abin hawanmu da sana'o'inmu.